Audugar Da Ke Kunnen Ustad

Shafi na 14

Sallama gare ku, masu haƙuri da marasa shi. Na karanta abin da kuka rubuta a ƙasan shafin da ya wuce. Wata ta ce mijina azzalumi ne, wata ta ce ni ce sakarai da na zauna. Wadda ta ce in tura mata lambarsa ta wanke shi tas, na gode da ƙauna, amma ki riƙe sabulunki. Da yatsa ɗaya nake buga rubutun nan, kuma babu kowa a kusa da zai gyara mini, don haka ku daina cewa na yi jinkiri.

Ranar Asabar da hantsi motar Taukir ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ɗanmu ke nan, shi kaɗai Allah ya bar mana. A Laknau yake aiki, kuma rabonsa da garinmu Kannauj, nan ƙasar Indiya, tun ƙaramar sallah. Bai ce zai zo ba. Kwana uku kafin nan ya kira ni ta waya mai hoto, na yi mantuwa na ɗaga, ya ga idona na hagu a kumbure kamar an shafa masa shuni. Na ce santsin banɗaki ne. Ya kashe wayar.

Ko takalmi bai cire ba ya shigo tsakar gida, matarsa Uzma na biye da shi.

"Ammi, haɗa kayanki. Yau za ki bi mu."

"Haka ake sallama a Laknau?"

"Na kira maƙwabta. Sun gaya mini abin da suke ji da asuba."

Ya ce matar da muke katanga ɗaya da ita ta rantse masa shekara biyu tana jin ihun ubansa, da ashar, da ƙarar abu yana bugun abu, sannan ta ji kukana ƙasa-ƙasa. Ya ce unguwa kaf an sani, shi kaɗai aka mayar wawa. Na ce ya zauna ya sha shayi. Ya ce ba zai sha ko ruwan gidan nan ba sai ya ga ubansa. Na juya na shige kicin, domin in na ci gaba da kallonsa zan yi kuka, ni kuwa ba na kuka a gaban wanda na yi wa wanka.

Uzma ta biyo ni. Ma'aikaciyar jinya ce, a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take aiki. Gaskiya ban taɓa sakin jiki da ita ba. Yarinya ce mai kallon mutum kamar tana auna masa zafin jiki. Ta ɗauki ƙullin gurasarmu ta roti ta fara murzawa ba tare da na sa ta ba, sai can ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Ammi, idonsa a buɗe yake ko a rufe?"

"Idon wa?"

"Na Abbu. Lokacin da abin yake faruwa."

Shekara biyu babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Yayar mijina ta ce aljanu ne, wai suna bin ƙanshi, kuma mutumin da ya yi shekara arba'in yana dafa turare ai dole wata rana su biyo shi gida. Muka kwashe kwalaben da ke ɗakin kwana, aka yi karatu, aka yi tofi, babu abin da ya sauya. Daga nan na daina gaya wa kowa komai.

Na ce mata a rufe.

Sai bakina ya ƙi tsayawa. Na gaya mata wajen asuba abin yake zuwa. Zai fara da magana, sai ihu, sai harbi da ƙafa, sai naushi. In na girgiza shi ya farka, tas yake tashi, har ya ba ni labarin mafarkin. Wani lokaci kare ne ya biyo ni, wani lokaci ɓarayi, wani lokaci tukunyar tagulla ce za ta fashe ina kusa da ita. Kullum a mafarkin ni yake karewa. Ya san yana surutu cikin barci, har dariya yake yi wa kansa. Sauran kuwa bai sani ba.

"Bai san shi yake ji miki ciwo ba?"

"Ina ce masa faɗuwa na yi."

Ta ajiye ƙullin. Na ce mata ta leƙa banɗakinmu ta gani. Ƙarfen kamawa uku ya sa aka kafa a bango. Ya sa an fasa daɓen an sake wani mai kaushi. Takalman roba kala-kala ya sayo mini, har faɗa ya yi da maginin, ya ce shi ne zai kashe masa mata.

Uzma ta yi mini bayani a hankali. Ta ce idan mutum yana mafarki, ƙwaƙwalwa takan sa wa jiki sakata, don kada ya aikata abin da yake gani. Ta Abbu, sakatar ce ta saki. Ta ce ba mugunta ba ce, ba kuma aljani ba ne, ciwo ne, ta sha ganin irinsa. Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Ashe ba ta gama ba.

"Yana jin ƙanshi, Ammi?"

Raina ya ɓaci nan take.

"Ustad Wajahat kike tambaya ko yana jin ƙanshi? Mutumin da daga Bombai ake aiko masa da kwalba ya shinshina ya ce ta gaskiya ce ko ta algus?"

"Shi nake tambaya."

Na ce ta kula da rotinta, yana ƙonewa.

Bari in tuna muku, don na san wasu yau suka shigo. Al'adar masu turare ce a garinmu su ɗiga turare a 'yar auduga su cusa a lungun kunne. Shekara huɗu da suka wuce, a irin wannan lokaci na furen wardi, mijina ya dawo cin abincin rana da audugarsa a kunne, yana ta fara'a. Tun daga zaure na ji ƙauri. Tukunya guda ta kama, man sandal ɗin da ke karɓar ƙanshin ya lalace, shi kuwa yana cewa bai taɓa samun dahuwa mai kyau irin ta yau ba. Na sunkuya ina zuba masa dal, miyar wakenmu, hancina dab da kunnensa, na ce, "Dal ɗin yau ya kama." Ya kalli miyar, lafiyarta ƙalau. Ya kalle ni. Ya tashi bai ci ba ya koma wurin aiki.

Tun daga ranar haka muke. Mace ba ta shiga wurin dahuwar turare, to sai wurin ya riƙa biyo shi gida a kunne. In wuta ta yi yawa, in ce dal ya kama. In da sauran kwana ɗaya, in ce saura gishiri. In ya yi yadda ake so, ba na cewa komai, sai in ƙara masa man shanu a roti. Ma'aikatansa suna cewa Ustad ba ya yanke hukunci sai ya ci abincin Begum, wato ni uwargidansa, suna dariya, suna nuna tumbin da ya ajiye. Ni da shi kuwa ko sau ɗaya ba mu taɓa furta maganar ba. Gado ɗaya muke kwana, kowa da abin da yake ɓoye wa ɗan'uwansa, kuma wannan kaɗaicin ya fi na zama a gida babu kowa.

Ban gaya wa Uzma wannan ba, amma ta riga ta gane. Ta ce abubuwan nan biyu, dambe cikin barci da ɗaukewar jin ƙanshi, sau da yawa su ne suke riga ciwon karkarwa zuwa, ko wani ciwon mantuwa, wani lokaci da shekara goma ko fiye. Ta ce ba ita ce likita ba, sai an kwantar da shi an auna barcinsa kafin a san gaskiya. Akwai maganin da yake kwantar da daren, kuma ana iya sauke katifa ƙasa a raba shimfiɗa. Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai an gaya masa.

"Kada ki gaya masa, 'yata. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa."

"To Taukir zai tafi da ke yau. Kuma zai tsani ubansa har ya mutu."

"Ki yi masa bayani a mota."

"Ba zai saurare ni ba, Ammi. Zai ce kare surukina nake. Daga bakinki kawai zai yarda."

Ana kiran sallar azahar na ji tafiyar mijina a zaure. Da ya ga motar, tun daga waje yake kiran sunan ɗansa. Ya shigo rigarsa duk toka, ganyen wardi maƙale a gemunsa. Ya zaro 'yar kwalba daga aljihu don ya shafa wa Taukir a bayan hannu, yadda yake yi wa duk baƙon da yake ji da shi. Taukir ya janye hannunsa. Uban ya tsaya da kwalbar a buɗe, sai ya yi dariya ya ce yaran birni sun fi son turaren fesawa mai warin fetur.

Muka zauna a kan shimfiɗar cin abinci. Buhu sittin na fure aka zuba a tukwane da asubar ranar, ba zan iya ƙin sunkuyawa ba. Na sunkuya. Akwai ɗan ƙauri, kaɗan ne, in aka rage wuta yanzu za a tsira.

"Baban Taukir, dal ɗin yau ya ɗan kama."

Taukir ya buga farantinsa da ƙasa.

"Kin gani, Uzma? Miya lafiyarta ƙalau, amma tana ba shi haƙuri tun bai ɗanɗana ba. Haka ya mayar da ita."

Uban ya dube shi, bai gane ba.

"Me aka yi?"

"Kai za a tambaya."

Ni Taukir yakan ce mini ke, don a cinyata ya girma. Ubansa kuwa tun da ya koyi magana ku yake ce masa. Ban taɓa jin ya ce masa kai ba sai ranar. Na ga kalmar ta sami mijina fiye da duk abin da ya biyo bayanta.

Taukir ya zazzage masa komai, ihun, ashar ɗin, maƙwabta, idona. Ya ce a masallaci ana ba shi sahun gaba, a gida yana dukan tsohuwa. Ya ce yau zai ɗauke uwarsa, kuma in ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidansa na Laknau, 'yan sanda zai kira. Mijina yana sauraro baki buɗe. Da yaron ya gama, sai ya juyo wurina, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya tabbata yanzu za a wanke shi.

"Begum, gaya masa."

"Na gaya masa. Faɗuwa na yi."

"Ka ji."

"Ƙarya take, tsoronka take ji."

Mijina ya miƙe. Ya tafi wajen famfo ya yi alwala a nutse, muna zaune muna jin zubar ruwan. Ya shiga ɗaki ya fito da Alƙur'anin mahaifinsa a naɗe cikin koren ƙyalle, ya ɗora a kan 'yar kujera a gaban ɗansa.

"Shekara talatin da shida," in ji shi. "In hannun nan ya taɓa sauka a jikin uwarka, ko sau ɗaya, ko da wasa..."

Ya ɗaga hannun zai ɗora.

Na yi ƙarya ga ɗana, na yi ga maƙwabta, na yi ga mijina, duk na ɗauka zan ji da su a gaban Allah. Amma ba zan zauna ina kallo ya dafa Littafi a kan abin da na san ba haka yake ba. Na kama wuyan hannunsa.

"Kada ku rantse."



"Sake ni, Begum."

"Kada ku rantse, Baban Taukir. Ku ne."

Na gaya masa. Ban san da wane baki ba, amma na gaya masa. Na ce idonsa a rufe yake, na ce bai sani ba, na ce ko yaushe kare ni yake yi daga wani abu. Na maimaita bai sani ba ya fi sau biyar. Yana tsaye yana kallon hannun da na riƙe.

"Daren Talata," ya ce. "Karen da ya cafki zanenki. Na naushe shi a ido."

Na gyaɗa kai.

"Haƙarƙarinki, da damina?"

"Ya warke ai."

"Leɓenki, daren da za a ɗaura auren 'yar yayata?"

"Ƙaramin abu ne."

"Sau nawa, Shagufta?"

"Ban ƙirga ba."

Ya zauna a ƙasa, a inda yake tsaye. Taukir ya dubi matarsa, ta gyaɗa masa kai. Ta matso ta yi musu bayanin sakatar nan kamar yadda ta yi mini, ta ce ta ga malamai da alƙalai da wannan ciwon, babu ruwansa da halin mutum. Ina kallo fuskar ɗana ta narke. Ya rarrafa ya kama ƙafafun ubansa yana kuka, yana cewa Abbu ku yafe mini, Abbu ku yafe mini. Uban ya ɗora masa hannu a ka, sai kuma ya yi sauri ya janye hannun ya ɓoye shi a cinyarsa.

Ni kuwa a raina cewa nake shi ke nan. An ji ciwo, amma an wuce wurin. Babu mai ɗauke ni. Har na fara tunanin inda za mu jingine gadon in mun sauke katifa.

Sai mijina ya ɗago ya dubi Uzma, ya kira ta yadda ake kiran matar ɗa a wurinmu.

"Dulhan, ke kika san asibiti. Daga wannan sai me?"

Ta ce sai an auna. Ya ce ba abin da ya tambaye ta ke nan ba. Ta kalle ni, na girgiza mata kai, amma yarinyar nan ba ta iya kwana-kwana ba. Ta gaya masa ciwon karkarwa, ta gaya masa na mantuwa. Ta ce ba yau ba, wataƙila da sauran shekaru masu yawa, kuma akwai taimakon da ake yi in an fara da wuri.

"Da hancin ma duk tafiyarsu ɗaya?"

Taukir ya ɗago kai. "Wane hanci?"

"Shekara huɗu ba na jin komai. Da wardi da kashin shanu duk ɗaya ne a wurina. Uwarka ce take dafa turaren gidan nan daga kicin."

Haka ya faɗe ta, a fili, a gaban yara. Shekara huɗu ina jiran ranar da zai faɗa mini ita mu biyu, in ce masa ba komai, ina nan. Da ta fito kuma, ko kallona bai yi ba.

Ya tambayi Uzma ko maganin yau za a fara. Ta ce sai an ga likita, ganin likitan kuwa zai iya ɗaukar makonni. Ya tambaya ko za ta iya rantse masa cewa in an sha maganin ba zai ƙara ba. Ta ce ba za ta iya ba. Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya ɗauki Alƙur'anin ya sumbata.

"Taukir, juya motarka ta fuskanci titi. Kafin magariba nake so ku kama hanya."

"Abbu, ai yanzu babu inda za ta je."

"Abin da ka zo yi daidai ne. Ka yi shi."

Na miƙe ni ma. Na ce za mu raba shimfiɗa, zan kwana a ɗakin baƙi, zan kulle ƙofa in ya ce in kulle. Mijina ya ce ya san ni, in na ji ihunsa ba zan iya zama ba, sai na zo tashinsa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi.

"To turaren fa? Muna tsakiyar wardi. Wa zai gaya muku in wuta ta yi yawa?"

"Sai a kashe wutar."

"Ku kuma wa zai tashe ku in mafarkin ya zo?"

"Bango ba ya kumbura, Begum."

"Ni ba a tambaye ni ba? Shekara biyu ina ɗauke da abin nan ni kaɗai don kada a raba mu, yau na faɗi gaskiya sai ta zama ita ce kuɗin motata?"

Ya wuce ni ya shiga ɗakinmu. Muka tsaya mu uku a tsakar gida, abinci yana hucewa a faranti.

Daga ciki na ji ƙarar ƙarfe a kan daɓe. Akwatina ne, shi da kansa yake jawo shi daga ƙarƙashin gado.